Waiwaye a Kan Tarihin Ƙananan Filayen Jirgin Sama a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalinmu ga rubuta wannan takarda wani al'amari ne wanda kusan duk mahalarta taron nan sun san shi, sai dai ba a cika tsayawa a nemi dalilinsa ba. Mutumin da ke Sakkwato, in yana so ya tafi Maiduguri a jirgin sama, galibi sai ya fara yin kudu zuwa Abuja, ya sauka, ya yi zaman jira, wani lokaci ma ya kwana, sa'an nan ya shiga wani jirgin ya juyo arewa maso gabas. Haka mutumin Yola mai nufin Katsina. Ga shi kuwa ba a taɓa yin zamanin da Arewa take da filayen jirgin sama masu yawa da faɗi da kyan gini kamar na yanzu ba. To, yaya aka yi filaye suka yawaita, amma garuruwan da suka mallake su suka kasa saduwa da juna ta sama?

A ganinmu amsar tana cikin tarihin filayen kansu. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa tun farko buƙatar masu wucewa ce take shata hanyar jirgi a wannan yanki, kuma ɗan lokacin da garuruwan larduna suka ci moriyarsa shi ne lokacin da girman jirgin ya yi daidai da girman garin.

2.0 Baƙi daga gabas

Ranar 27 ga Oktoba 1925 wasu jirage uku na mayaƙan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Halwan, kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka bi Kogin Nilu har Hartum, suka karya yamma ta Kurdufan da Darfur, suka ratsa Wadai da Fallomi, watau Njamena ta yau, suka shigo ta Barno, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Usman. Babu filin jirgi a lokacin, saboda haka a filin wasan dawaki na Turawa suka sauka. Kowane jirgi injinsa ɗaya, mazauninsa biyu, fukafukansa kuwa katako ne da aka lulluɓe da ƙyalle.

Duk wanda ya san tarihin aikin hajji a ƙasar Hausa zai gane wannan hanya nan take. Ita ce hanyar alhazai, sai dai an biyo ta daga ɗaya bakin. Tafiyar da kakanninmu suke yi a ƙasa, suna yada zango suna noma ko ƙodago domin neman guzuri, har ta ɗauke su shekaru, ita ce waɗannan mutane suka ɗinke cikin kwana shida. Manufarsu kuwa ba ta shafi mutanen Kano ba. So suke su gwada ko za a iya haɗa Masar da Sudan da Afirka ta Yamma ta sama, watau a ɗaure sassan daular Ingila da igiya ɗaya.

Bahaushe dai bai wahala wajen raɗa wa baƙon suna ba. Da ma yana da jirgi na fito a kogi. Da dogo ya iso Kano a 1911 ya ce jirgin ƙasa. Wannan da ya zo ta bisa sai ya zama jirgin sama. Bayan shekaru, da ya ga wani iri mai sauka a tsaye ba tare da gudu ba, sai ya ce mai saukar ungulu, sunan da ke nuna cewa wanda ya raɗa shi ya daɗe yana ɗaga kai yana lura.

Tsakanin wannan zuwa da soma zirga-zirgar fasinja an yi shekara goma, kuma a cikinsu ne masu tarihin sufurin sama suke ambaton wani Bature, Bud Carpenter, mai ƙaramin jirgi na kansa samfurin Moth, wanda yakan tashi tsakanin Kano da Ikko yana bin layin dogo da ido domin kada ya ɓata. A watan Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma jigilar wasiƙu mako-mako daga Hartum zuwa Kano da jirgin DH.86 mai inji huɗu, yana tsayawa a Al'ubayyid da Fashir da Jinaina da Abashe da Fallomi da Maiduguri. A watan Oktoba na shekarar aka miƙa hanyar har Ikko, ta Kaduna da Minna da Oshogbo. A lura da wannan tsari: Ikko ce ƙarshen layi, Kano da Maiduguri su ne ƙofa. Wanda ke Ikko mai son zuwa Landan ta sama sai ya yi arewa, ya yi gabas har Hartum, a can ya tari babban jirgin da ya taso daga kudancin Afirka.

Filin jirgi na wancan zamani bai wuce fili da aka sare itatuwansa aka baje surinsa aka daɓe ba, da 'yar rumfa, da duro-duron mai, da wata jakar ƙyalle a kan sanda mai nuna inda iska ta dosa. Arha gare shi wajen yi, arha wajen kulawa, kuma za mu ga amfanin wannan arha nan gaba.

3.0 Yaƙi da abin da ya bari

A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ta zama mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kan hanyar 1925. Akan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, a harhaɗa su, sa'an nan su taso ayari-ayari ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fallomi da Fashir da Hartum har Alƙahira, tafiyar da ta haura mil 3,500. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta 1940, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942. A 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya shigo aikin, aka ƙara wa filayen Kano da Maiduguri tsawo da gine-gine da na'urorin waya. Shi kuwa Coningham, a lokacin shi ne kwamandan mayaƙan saman da ke yaƙi a hamadar Masar da Libiya, watau shi ne mai karɓar jiragen da ke bin hanyar da ya buɗe. Ya rasu a 1948 cikin wani jirgin fasinja da ya ɓace a teku kusa da Bamuda.

Da yaƙi ya ƙare, hanyar masu wucewa ta juya daga gabas da yamma ta koma arewa da kudu. Jiragen farfela na lokacin ba su iya tafiya daga Turai zuwa Kwango ko Afirka ta Kudu ba tare da shan mai ba, Kano kuwa ita ce babban zango na farko bayan an ƙetare Sahara. BOAC ta Ingila da KLM ta Holan da Sabena ta Beljiyam duk suka mai da ita masauki. Dattawan Kano suna tuna mai busa kakaki a kan raƙumi wanda ke shelar isowar jirgi a filin, abin da fasinjojin Turai suka yi ta ɗauka hoto. Akwai kuma abin baƙin ciki da ake tunawa: ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC samfurin Argonaut ya tashi cikin hadari ya bugi itace jim kaɗan bayan barin titi, mutum 32 cikin 45 suka mutu.

Wannan ɗaukaka ta Kano aro ce, kuma mai abu ya karɓe abinsa. Da jiragen jet masu dogon zango suka yawaita a shekarun 1960, buƙatar tsayawa shan mai ta ragu, kamfanoni suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. KLM ce ta fi daɗewa, ita ma ta bar Kano a 2012.

4.0 Zamanin ƙananan jirage

Sashen da muke ganin ya fi cancantar nazari shi ne wanda aka fi mantawa da shi. A 1946 aka kafa Kamfanin Jiragen Saman Afirka ta Yamma, wanda aka fi sani da WAAC, mallakar ƙasashe huɗu da ke ƙarƙashin Ingila: Nijeriya tana da kashi 68 cikin ɗari, Gwalkwas 29.5, Saliyo 2, Gambiya rabin kashi ɗaya. Ya soma aiki a watan Oktoba 1947 da jirgin Dove, wanda ke ɗaukar fasinja kamar takwas. Daga baya aka ƙaro Heron mai ɗaukar 14 zuwa 17, da Bristol mai faffaɗan ciki, da DC-3.

Da waɗannan jirage ne aka fara yin abin da za a iya kira zirga-zirgar cikin gida. Jirgi yakan tashi daga Kano ko Kaduna ya sauka Gusau, ya zarce Sakkwato. Wani ya bi Jos, ya dangana da Yola ko Maiduguri. Domin a gane nauyin wannan sai a dubi taswirar dogo. Layin yamma ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, na gabas ya tsaya a Nguru a 1930, bai isa Maiduguri ba sai 1964, Sakkwato da Yola kuwa bai taɓa isa gare su ba. Hanyoyin mota na ƙasa ne, da damina ta sauka sai a rufe su ko mota ta kafe kwana da kwanaki. A irin wannan hali jirgi mai kujera takwas ba kayan alatu ba ne ga lardin Adamawa. Shi ne mai kawo wasiƙa da magani da alƙali da likita.

Kamfanin ya kuma gwada jawo talaka. A farkon shekarun 1950 ya fito da jigila mai rahusa da jirgin Bristol, har ya sa wa wadda ke bin Ankara da Ikko da Badun da Jos zuwa Kano suna Hausa Flyer. Tafiyar Ikko zuwa Kano, wadda ke cin kusan kwana biyu a jirgin ƙasa, ta koma ta 'yan sa'o'i. Sunan kansa shaida ne cewa masu kamfanin sun hango fatake da 'yan kasuwar Hausawa da ke kai da kawowa tsakanin Gwalkwas da Kano, masu bin tsohuwar hanyar goro. Gwajin ya gamu da cikas a watan Fabrairu 1955, sa'ad da ɗaya daga cikin jiragen Bristol ya faɗi kusa da Kalaba, mutum 13 da ke ciki suka mutu.

Bai kamata mu ƙawata wannan zamani fiye da kima ba. Yawancin fasinjojin ma'aikatan gwamnati ne da na kamfanonin ciniki da sarakuna, kuma gwamnatoci ne ke cike giɓin kuɗin kamfanin. Amma lissafin yana da sauƙi, kuma shi ne ƙashin bayan hujjarmu. Fasinja biyar da buhun wasiƙu sun isa su sa Dove ya sauka Gusau. Filin da zai karɓe shi ba ya bukatar kwalta mai kauri ko ma'aikata ɗari. Ƙaramin gari, ƙaramin jirgi, ƙaramin fili, kowanne yana iya ɗaukar nauyin ɗan'uwansa.

Da Gana ta sami mulkin kai a 1957 sai ta janye ta kafa nata kamfani. Aka rushe WAAC a ƙarshen Satumba 1958, rabon Nijeriya ya zama kamfanin da daga baya aka sani da Nigeria Airways, wanda gwamnati ta mallake shi gaba ɗaya a 1961. A 1963 aka kawo Fokker F27 mai kujera kamar 40. Shi ma jirgi ne mai haƙuri da gajeren titi, kuma ya yi wa Arewa aiki shekaru da yawa.

5.0 Kuɗin mai, manyan jirage da alhazai

Abubuwa uku suka haɗu a shekarun 1970 suka rushe wancan daidaito. Na farko, kuɗin man fetur ya sa aka sayo jiragen jet, F28 da Boeing 737, na biyun yana ɗaukar mutum fiye da ɗari. Jirgi irin wannan ba ya sauka domin mutum biyar, kuma gajeren tsalle kamar na Kano zuwa Katsina asara ne gare shi, domin wajen tashi da hawa ne ya fi shan mai. Na biyu, an shimfiɗa kwalta tsakanin manyan garuruwa, aka kuma buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. 504 ta tasha ta ƙwace duk wata tafiya da ba ta wuce ta rabin yini ba. Na uku, ƙirƙiro jihohi 12 a 1967 da 19 a 1976 ya sa kowane babban birnin jiha ya mai da fuskarsa ga inda ake rabon kuɗi, watau Ikko, daga 1991 kuma Abuja. A 1976 aka kafa hukumar kula da filayen jirgin sama ta ƙasa, aka gina sababbin filaye masu dogon titi a Sakkwato da Kaduna da Jos, nesa da gari. Garuruwan da ba su zama hedkwata ba suka fita daga jadawali, filayensu suka koma makiyaya da gonaki da wurin koyon mota.

Buƙata ɗaya ce tak ta mutanen ƙasa wadda ta yi ƙarfin da za ta shata wa jirgi hanya, ita ce aikin hajji. Tun 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya zauna a kan wata unguwa a Fagge. Sannu a hankali jirgi ya gaji mota da ƙafa. A 1975 aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 1977 kuwa alhazan Nijeriya suka haura 100,000. An biya wannan sauƙi da tsada. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Ikko, aka karkato shi Kano saboda yanayi, ya yi hatsari wajen sauka ya kama wuta, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 mai nufin Sakkwato ya faɗi a Jidda da mutum 261, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu.

Ta fuskar tarihin filaye, hajji ya zo da wani sakamako wanda ba a yi tsammani ba. Jigilar alhazai tana bukatar jirgi mafi girma da titi mafi tsawo, amma na 'yan makonni a shekara. Saboda haka aka saba da auna darajar fili da ko zai iya ɗaukar jirgin alhazai, aka daina auna ta da yawan jiragen da ke sauka a cikinsa ranar Talata ta tsakiyar damina.

Da aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Arewa ba ta zauna baya ba. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980, Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa nasa a Kaduna a 1994, daga baya aka sami IRS da Max Air da Azman. Sun yi aiki mai yawa, musamman da Nigeria Airways ya durƙushe ya daina tashi a 2003. Sai dai kusan dukkansu manyan jet suka saya, yawanci na hannu, suka kuma ɗora su a kan hanyar Ikko da Abuja da Jidda, inda kuɗin yake. Ba mu ga laifinsu ba. Ɗan kasuwa inda ciniki yake can yake kasa kayansa.

6.0 Masu kallo da masu koyo

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba ya shiga rahoton hukuma. Da yawa daga cikinmu mun fara ganin jirgi a kusa ne ranar rakiyar alhazai, muna maƙale da shingen waya, ko kuwa ranar da malamin firamare ya jera mu aka kai mu filin jirgi yawon buɗe ido. A wancan lokaci filin wuri ne da ɗan gari ke iya zuwa da kekensa da yamma ya tsaya ya yi kallo. Nisan sababbin filaye da tsauraran matakan tsaro sun kawo ƙarshen wannan. Sha'awar dai ba ta mutu ba: a 2007 kafofin labarai na duniya sun ba da labarin wani ɗalibin jami'a a Kano wanda ya ƙera mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa.

Wurin da wannan sha'awa ta sami gida shi ne Zariya. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi da sauran ayyukan sufurin sama a can, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin sama ta duniya. A nan Chinyere Kalu ta yi karatu ta zama mace ta farko a Nijeriya mai tuƙa jirgin haya a 1981, daga baya kuma ta shugabanci makarantar. Filin Zariya ƙarami ne, ba ya cikin jadawalin manyan kamfanoni, amma mazauna Samaru da Palladan sun saba da ƙugin ƙananan jirage suna kewaya samaniya, suna sauka suna tashi. Fili ne da aka ajiye masa jiragen da suka dace da shi.

7.0 Filayen jihohi

Daga shekarun 2000 gwamnatocin jihohi suka shiga gina filaye na kansu: Gombe, Birnin Kebbi, Jalingo, Dutse da Bauci a 2014, Damaturu a 2023. Yawancinsu an yi su da titin da zai ɗauki jirgin alhazai, an kuma liƙa musu laƙabin na ƙasa da ƙasa. Bayan bikin buɗewa sai a shiga neman jirgin da zai riƙa zuwa. Wasu jihohi sun ƙulla yarjejeniya da kamfanoni a kan su biya kuɗin kujerun da ba a cika ba, wasu kuma da nauyin ya yi musu yawa suka miƙa filayen ga Gwamnatin Tarayya. Kamfanin Overland, mai ƙananan jiragen farfela, ya yi jigila zuwa wasu daga cikinsu, amma shi ma daga Abuja yake tasowa, can kuma yake komawa. A 2024 shugabar hukumar filayen jirgin sama ta tarayya ta bayyana cewa uku kacal daga cikin filaye 22 da ke hannunsu suke kawo riba, su ne ke ɗauke da sauran. Ga kuma hazon hunturu, wanda kan tsayar da zirga-zirga kwana da kwanaki a filin da ba shi da isassun na'urorin sauka.

Abin da ya faru a Kaduna a 2017 ya isa misali. Ranar 8 ga Maris aka rufe filin Abuja domin gyaran titinsa, aka mai da dukkan jiragen babban birnin zuwa Kaduna. Aka yi gaggawar ƙarasa ginin fasinja, aka gyara hanya, aka zuba 'yan sanda da motocin jigila. Mako shida filin yana cike dare da rana, ko da yake cikin kamfanonin ƙasashen waje na Habasha ne kaɗai ya yarda ya sauka a can. Ranar 18 ga Afrilu aka buɗe Abuja, jiragen suka koma inda suka fito, filin Kaduna ya koma ga 'yan jiragen da ya saba gani a yini.